Kyautar Doki Ba Harawa: Malamin Jalingo da Ƙirƙirarriyar Basira

Wanda ya bi sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar Jalingo zai ji kamar ana kiran sarakunan fada ne ranar hawan sallah: Barade, Majidaɗi, Turaki, Sintali, Sarkin Dawaki. Sarautun masarautar Muri ne suka zauna a kan unguwanni, garin da Sarki Muhammadu Nya ya kafa a 1893 ya ci gaba da ɗauke da su har bayan da ya zama babban birnin jihar Taraba a 1991. Sunan Sarkin Dawaki kuwa yana tuna mana wani abu da duk mai barga ya sani, wato sayen doki shi ne mafi sauƙi a sha'anin doki. Wahalar tana wajen harawa da dusa da kanwa da yaron da zai yi ta ɗawainiya safe da yamma. Wanda ya yi wa talaka kyautar doki bai haɗa masa da abincinsa ba, hidima ya ɗaura masa, ko da kuwa mutanen unguwa suna ta yi masa barka. Da wannan ido ya kamata a dubi sabon dokin da ake ta yi wa malaman makaranta tallarsa, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI.

Wannan fasaha ba ta jira takardar izini daga ma'aikatar ilimi ba kafin ta shigo. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, sannan a Afrilu 2024 kamfanin Meta ya cusa tasa manhajar cikin WhatsApp a Najeriya. Daga ranar, duk malamin da ke riƙe da babbar waya a Sarkin Dawaki ko Mayo Gwoi yana yawo da ita a aljihu, ya sani ko bai sani ba. Yadda take aiki ba tsafi ba ne. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa har ta iya hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, shi ya sa take iya tsara darasi a kan kashe-kashen lamba cikin daƙiƙa kaɗan, shi ya sa kuma take iya shirga ƙarya da cikakkiyar natsuwa, don ba gaskiya take nema ba, abin da ya yi kama da gaskiya take harhaɗawa. Tun zuwanta, kusan duk muhawarar da ake yi a kan ɗalibi ake yin ta: zai yi satar amsa ko ba zai yi ba, ƙwaƙwalwarsa za ta mutu ko za ta buɗe. Mutumin da ke tsaye gaban allo da alli a hannu an bar shi a baya. Alhali a makarantun gwamnati irin na Jalingo, ma'aunin da ya fi cancanta a auna wannan na'ura da shi shi ne ko ta mayar wa malami wani abu daga lokacinsa da kwanciyar hankalinsa, sannan lokacin da ta rage ɗin aljihun wa zai shiga.

Sai an san nauyin kaya kafin a yi maganar sauke shi. Gwamna Agbu Kefas, wanda ya hau mulki ranar 29 ga Mayu 2023, ya ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a makarantun gwamnatin jihar a shekararsa ta farko. Mataki ne da babu mai hankalin da zai kushe shi, amma kowa ya san inda aka ɗauke kuɗin makaranta yara kan kwararo, kuma aji ya fi saurin cika a kan a horar da sabon malami. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. A ɗauka malamar Turanci tana da aji uku, kowanne da yara 70, ta ba su rubutun insha'i, kowane littafi ya ci mata minti 3 kacal. Awa 10 da rabi ke nan a kan aiki ɗaya, kuma babu ko minti guda daga ciki da ke cikin jadawalin makaranta. A gida za a yi shi, bayan tuwon dare, da tocilan idan an ɗauke wuta. Ga kuma littafin shirin darasi da malamai ke kira lesin not, wanda a makarantu da yawa sai an rubuta da hannu an kai wa hedimasta ko mataimakin firinsifal ya sa hannu kowane mako. Ga rijista, ga makin gwaji, ga tattara sakamakon ƙarshen zango ɗalibi bayan ɗalibi. Matsalar ba ta Taraba kaɗai ba ce, domin rahoton UNESCO na 2024 ya ƙiyasta cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

Irin wannan gajiya tana da suna a likitance. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar ma'aikaci cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin ciwo ba, a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba. Alamominsa uku ne: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga rai, hannun mutum ya daina kyau a abin da da ya iya. Bahaushe ba ya buƙatar kundi kafin ya gane malamin da ya kai nan. Shi ne wanda zai shigo aji ya ba ɗan gaba littafi ya ce a kwafe a allo, ya koma ƙarƙashin bishiya. Mukan kira shi malalaci, wani lokaci kuma da gaskiyarmu, amma sau da yawa mutum ne da aka yi shekara ashirin ana tatsa ba a ba shi dusa ba.

To me na'ura za ta iya ragewa? Hujja mafi tsafta da ake da ita daga Ingila ta fito. A 2024 gidauniyar EEF mai binciken harkar koyarwa ta gwada malaman kimiyya 259 a makarantun sakandare 68, aka ce wasu su yi amfani da ChatGPT wajen shirya darasi, wasu su yi yadda suka saba. Masu na'ura sun riƙa kashe kimanin minti 56 a mako, sauran kuma kimanin minti 81, wato ragin kashi 31 cikin 100, kuma ƙwararrun da suka duba darussan ba tare da sanin na wane ne ba ba su ga bambancin inganci ba. Minti 25 a mako ba abin a buga tambari ba ne, kuma yana da kyau a riƙe wannan adadi a ka duk ranar da wani ɗan kwangila ya zo yana rantsuwa cewa manhajarsa za ta juya ilimi gaba ɗaya. Sai dai akwai dalilin zaton ribar za ta fi haka a wuri irin Jalingo. Malamin Ingila da ma yana da littattafai da ɗakin karatu da abokan aiki masu ba shi aron darasi. Wanda ke koyar da lissafi da littafi ɗaya tak da bangonsa ya yage, idan ya sami abin da zai zubo masa tambayoyin gwaji ashirin masu hawa daga sauƙi zuwa wuya, ko ya sake masa bayanin darasi da misalin buhun masara da kwandon doya maimakon tuffa da jirgin ƙasa, ya sami abin da bai taɓa samu ba.

A nan ne maganar take, kuma a nan aka fi yin tsalle a wuce. Lokacin da na'ura ta rage ba ya zama hutu da kansa, sai mai iko ya yarda ya zama. Idan malama ta sa waya ta tsara mata darasi cikin minti biyar, amma doka ta ce sai ta kwafe shi da biro cikin dogon littafi kafin a sa mata hannu, ba a rage mata komai ba, an dai mayar da ita magatakardar na'ura. Idan kuma shugaban makaranta ya lura aiki ya yi sauri, ya ce to yanzu a riƙa ba da gwaji kowane mako maimakon sau biyu a zango, ko hukuma ta ce tun da akwai AI malami ɗaya ya riƙe darasi uku, to ribar ta tafi sama, gajiyar ta tsaya inda take. Ba sai an je nesa neman misali ba. Zauren WhatsApp na ma'aikata ya zo ne a matsayin sauƙi, ya kashe yawon kai takarda daga ofis zuwa ofis, amma shi ne kuma ya rushe katangar da ke tsakanin lokacin aiki da lokacin iyali, har ya zama oga na iya turo umarni ƙarfe goma na dare ya kuma duba wa ya karanta bai amsa ba. Ma'aikacin sakatariya da na banki da nas ɗin asibiti duk sun san wannan. Faransa ta kai ga kafa doka da ta fara aiki a 2017, wadda ta ba ma'aikata haƙƙin kashe waya bayan tashi daga aiki, don ta gane fasaha ba ta san ƙarfe nawa ba sai an gaya mata.

Sai harawar dokin. Na'urar nan tana cin data, tana cin caji, tana kuma son waya mai ɗan ƙarfi. Jalingo na samun wuta ne ta hannun kamfanin rarraba lantarki na Yola, a can ƙarshen dogon layin da ya taso daga Jos ya bi ta Gombe. A Afrilu 2024 ɓarayi suka lalata turakun wannan layi, garuruwan arewa maso gabas har da Jalingo suka shiga duhu na makonni. Abin takaicin shi ne a cikin jihar nan ne tsaunin Mambila yake, inda aka yi shekaru fiye da arba'in ana alƙawarin tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3,050 da har yau ba ta haska ko ƙwan fitila ɗaya ba. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100, wata shida bayan an sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Duk shirin da zai ce wa malami ya rungumi zamani, amma ya bar shi yana sayen data daga kuɗin cefane yana biyan mai shagon caji, rage masa albashi ya yi ta bayan gida. Ba a taɓa cewa malami ya sayo alli da kuɗinsa a kira shi ci gaba ba, ko da yake akwai makarantun da hakan ke faruwa.

Mai ja zai ce wannan duk son kai ne irin na ƙungiyar ƙwadago, makaranta don yara aka gina ta, idan na'ura za ta koyar da yaro kai tsaye me ya kawo maganar jin daɗin malami? Yana da hujja mai ƙarfi, daga cikin Najeriya ma. A watannin Yuni da Yuli 2024 Bankin Duniya da gwamnatin Edo suka yi gwaji a birnin Benin, inda ɗalibai kusan 800 'yan ajin farko na babbar sakandare suka shiga wani shiri na koyon Turanci da manhajar Copilot ta kamfanin Microsoft, bayan an tashi daga makaranta, sau biyu a mako har mako shida. Masu binciken sun ce ci gaban da aka samu ya yi daidai da na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu na karatun da aka saba, a kan kimanin dala 48 kowane ɗalibi. Labarin ya zaga duniya, amma galibi an yanke masa gindi. Yaran ba su kaɗai aka bari da kwamfuta ba. Bibbiyu suke zama, malamai ne ke buɗe darasi, su ba da jagorar abin da za a tambaya, su zagaya suna kama na'urar idan ta yi kure. Makarantun da aka zaɓa masu ɗakin kwamfuta ne, yaran kuma su suka nuna sha'awar shiga. Waɗanda aka kwatanta su da su ba su sami wani ƙarin darasi ba, don haka wani kaso na nasarar ƙila daga ƙarin awoyi da kulawar malami ya fito. Ko a Benin ɗin ma ɗaukewar wuta da yankewar intanet a damina sun riƙa katse zaman. Abin da Edo ta nuna shi ne malami mai kuzari da na'ura a gefensa yana iya yin abin mamaki. Ba ta nuna cewa a iya yi ba shi ba.

Abin da ke faruwa idan aka janye jagora kuwa an gan shi a Turkiyya, inda masu bincike daga jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka gwada ɗaliban sakandare kusan 1,000 a darasin lissafi. Waɗanda aka sakar wa na'ura ba linzami sun fi sauran cin atisaye da kashi 48 cikin 100, amma da aka karɓe ta aka ba su jarrabawa, sai suka gaza waɗanda ba su taɓa ta ba da kashi 17. Na'urar ta yi musu aikin, ilimin bai shiga ba. Wani rukuni da aka ba na'urar da aka saita da taimakon malamai, mai ba da haske maimakon amsa, bai yi wannan faɗuwa ba.

Jayayya ta biyu ta fi ɗaci, kuma ba a kawar da ita da fushi. Za a ce malaman da yawa ba su iya ba, wasu ma ba sa zuwa, don haka gara a sa na'ura ta rubuta musu abin da za su faɗa ta kuma sa musu ido. Mutane ba su manta da Kaduna ba, inda a 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, ta sallame su. Akwai kuma tsarin da Edo ta fara a 2018 da sunan EdoBEST, Legas da Kwara suka bi sahu, inda ake ba malami ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin da aka riga aka rubuta, wadda kuma ke aika wa hedikwata lokacin da ya iso da inda ya tsaya a darasi. Gaskiya ne fashin aiki zalunci ne ga 'ya'yan talakawa, kuma babu laifi a san wa ya zo wa bai zo ba. Amma akwai tazara tsakanin rijistar zuwa aiki da bulalar da ke bin mutum minti bayan minti. Na'ura tana iya ƙirga cewa malami ya tsaya a shafi na uku, ba ta iya ganin cewa ya tsaya ne don rabin ajin ba su gane ba ya koma baya. Idan ƙarin girma ya rataya a kan wannan ƙirga, malami mai wayo zai koyi gudu ya bar yara a baya. Sannan wanda ya san abin da ke hannunsa ɗan leƙen asiri ne ba zai taɓa tambayarsa abin da bai sani ba, alhali babbar fa'idar AI ga malami mai rauni ita ce ya sami inda zai yi tambaya cikin sirri ba tare da jin kunyar abokan aiki ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi ma'aikaci kamar yadda ta shafi kowa, kuma kafin a raba kowace na'ura ya kamata a faɗa wa malamai a rubuce abin da take tattarawa da wanda zai gani.

Akwai wani aiki da malamin Taraba ke yi kullum wanda ba ya cikin kowane jadawali, wato tafinta. A aji ɗaya a Jalingo ana iya samun ɗan Mumuye da Bafulatani da ɗan Kona da Jukun da Tibi da Bahaushe, littafi da Turanci, bayani da Hausa, wani lokaci a ƙara da Fulatanci. Na'urorin nan sun fi ƙwarewa a harsunan da suka cika intanet. Hausarsu tana ƙara gyaruwa, Google ya sa Fulatanci da Tibi cikin manhajarsa ta fassara a 2024, amma yawancin harsunan jihar ba su da rubutun da zai ishi na'ura koyo. Duk abin da ta fitar sai malami ya tace, ya gyara misalin da bai dace da al'ada ba, ya kama shekarar da ta ƙaga a tarihin Muri ko Kwararrafa. Wannan tacewa aiki ce mai cin lokaci da ilimi, kuma duk lissafin da bai sa ta ciki ba ya zuzuta ribar.

Wasu kuma daga ɗaya gefen suke ja, suna cewa yaran da ke zaune a ƙasa ba benci, malaman da ke bin bashin ƙarin girma, ina su ina AI? Rabin maganarsu gaskiya ce. Malaman firamare na Abuja, a ƙofar fadar gwamnatin tarayya, sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan rashin biyan sabon albashi, kuma babu manhajar da za ta magance irin wannan. A ƙasashen waje har an fara sayar wa kamfanoni manhajojin hira da ake cewa suna kwantar wa ma'aikaci hankali idan damuwa ta yi masa yawa. Ranar da aka kawo irinsu ga mutumin da ke jiran giratutinsa shekara da shekaru, zai ɗauke su a matsayin ba'a, kuma bai yi kuskure ba. Amma cewa a jira sai komai ya gyaru ba zaɓi ba ne, don dokin ya riga ya shigo barga. Ɗalibai suna amfani da shi, masu makarantun kuɗi suna amfani da shi, malamai ma suna yi a ɓoye kamar masu laifi. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗa.

Mafi yawan sharuɗɗan ba sa buƙatar biliyoyi. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hukumar makarantun sakandare suna iya fitar da takarda guda da ke cewa an karɓi shirin darasi da aka buga ko aka nuna a waya, matuƙar malami ya gyara shi ya kuma iya kare abin da ke ciki idan mai duba makarantu ya tambaye shi. Ana iya sa kuɗin data cikin alawus, a kafa faifan sola ɗaya a ofishin malamai, a yi horo cikin lokacin aiki maimakon a cinye wa mutane Asabar. Jami'ar Jihar Taraba da ke nan Jalingo tun 2008 da Kwalejin Ilimi ta Zing suna iya koya wa malaman gobe yadda ake kama na'ura da ƙarya kafin su fita koyarwa. Ƙungiyar malamai ta NUT kuwa, wadda ta yi fafutukar da ta kai ga dokar 2022 mai ɗaga shekarun ritaya zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, tana da sabon abin da za ta kai teburin sulhu: a rubuta cewa ba za a kafa hujja da AI a ƙi ɗaukar sababbin malamai ko a ƙara yawan yara a aji ba, kuma saƙon aiki da ya shigo waya bayan sallar isha'i amsarsa sai gari ya waye.